Daga Faranti Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Talla a Garin Gombe da Darasin Hausa

Kalmar talla tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa. Akwai tallan da yarinya kan yi, ta ɗora faranti a ka tana bin lungu-lungu tana kiran sunan hajarta. Akwai kuma tallan da kamfani kan biya a yi masa a rediyo ko a jarida. A wannan maƙala za mu bi tarihin yadda waɗannan ma'anoni biyu suka haɗu a cikin wayar hannu, tare da ɗaukar garin Gombe a matsayin misali, domin al'amarin ya shafi darasin Hausa kai tsaye, ko da yake manhajarmu ba ta ba shi gurbi ba tukuna.

Garin Gombe na yanzu ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Buba Yero ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma fadarta tana Gombe Abba ne. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan a 1919 aka kawo ta Doma, inda garin yake a yau. Abin da ya raya shi kuwa ciniki ne: auduga da gyaɗa da hatsi, sai kuma hanyar dogo ta Barno da ta iso a 1963. Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da Barebari da fatake daga Kudu suka haɗu a kasuwa ɗaya, Hausa ta zama harshen da ake yin ciniki da shi. Wannan batu ne da ya kamata mai tsara manhaja ya riƙe, wato ga ɗalibai da dama a Gombe, Hausa harshen kasuwa da unguwa ce kafin ta zama darasin aji.

Lokacin da garin ya zama hedikwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, sadarwa tana nan yadda aka san ta. Layukan tarho na NITEL a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi da yake son sanin farashin wake a Dawanau sai ya jira direban da ya dawo daga Kano, ko ya ba da wasiƙa a tasha. A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, kuma a farkon al'amari kuɗin layi ɗaya ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci na wata. Shigowar Glo a 2003 da tsarin biya bisa daƙiƙa ne ya karya farashin, waya ta soma sauka hannun talaka.

A nan ne harshe ya fara jin jiki. Gajeren saƙo na waya haruffa 160 kawai yake ɗauka, madannan wayoyin wancan lokaci kuma ba su da ɓ da ɗ da ƙ, haruffan da aka tsayar wa rubutun boko tun shekarun 1930. Ko da wayoyin da suke da su suka zo, saka ɗaya daga cikinsu kan rage saƙon ya koma haruffa 70, ya zama an biya kuɗin saƙo biyu a maimakon ɗaya. Saboda haka matasa suka yi wa kansu ƙa'ida: slm a madadin sallama, ykk a madadin ya kake, ngd a madadin na gode, wasu ma suka ɗauki q suka ba ta aikin ƙ. Malamai da yawa suna kiran wannan lalaci. A ganinmu tsimi ne da na'ura ta tilasta, sai dai tilascin ya wuce, ɗabi'ar ta zauna.

Sauyi mafi girma ya faru ne a cikin gida. Tun a shekarun 1970 masu bincike irin su Enid Schildkrout a Kano suka nuna cewa matan da suke cikin kulle suna gudanar da sana'a mai yawa, kuma yara su ne ƙafafunsu: su ne masu kai haja, su ne masu karɓo kuɗi, su ne masu kawo labarin farashi. Wannan ne ya sa shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya yi karo da talla, domin sa yarinya a makaranta yana nufin raba uwa da kasuwarta. Da manyan wayoyi suka yawaita, Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa a 2016, WhatsApp kuma ya fito da shafin ɗora hoto na yini guda a 2017, sai mace a Jekadafari ko Bolari ta sami hanyar nuna atamfa da mayafi da turaren wuta da kayan ɗaki ba tare da ta aiki kowa ba. Ciniki ya faɗa ta saƙon murya, mai keke ya kai kaya, kuɗi su shigo asusu. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, ya tura har waɗanda suke ƙyamar banki zuwa wurin mai POS, tun daga dillalin hatsi har mai shayi. (Abin lura ne cewa ministan sadarwa na 2019 zuwa 2023, Isa Ali Pantami, ɗan garin ne, kuma a zamaninsa aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020.)

Sai dai kada mu yi saurin cewa waya ta sauke faranti daga kan yarinya. Ƙosai da awara da dafaffiyar gyaɗa ba sa bin waya, domin ribarsu ba ta kai kuɗin data ba, balle na mai keke. Matar da ta ci moriyar wannan sauyi ita ce mai babbar waya, mai ɗan jari, wadda kuma ta iya karatu da rubutu. Saƙon murya ya rage wa marasa karatu wahala, amma farashi da lambar asusu da kwatancen gida da shaidar biya duk a rubuce suke zuwa. Idan aka rubuta bakin mayafi alhali ana nufin baƙin mayafi, ko kara a wurin ƙara, ƙa'idar rubutu ta tashi daga batun jarrabawa ta koma batun asara da rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Ita makaranta fa? Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta shigo da darussan sana'a, ciki har da tallata haja da gyaran wayar hannu, amma da Ingilishi aka tsara koyar da su, alhali yaron da ya koya zai yi sana'ar ne da Hausa. Daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, har da takardar Hausa. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, rediyo ne ya fi isa ga yaran talakawa, ba intanet ba. A duk tsawon wannan lokaci darasin insha'i bai gusa daga rubutun wasiƙa da labari da muhawara ba. Ba mu ce a jefar da wasiƙa ba, domin a cikinta ake koyon ladabin gaisuwa da tsara magana. Amma ɗalibar da ta taya mahaifiyarta rubuta tallan kaya da safe, ta zo aji aka ce ta rubuta wa kawunta wasiƙa ta gidan waya, ba abin mamaki ba ne ta ɗauka cewa Hausar makaranta daban, Hausar neman abinci daban.

Abubuwan da muke ganin za su shiga manhaja ba masu tsada ba ne. Wayoyin yanzu suna karɓar madannin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma darasi ɗaya ya isa a nuna wa ɗalibai yadda ake kunna shi. Ana iya sa su rubuta sanarwar haja a jimla uku, su kwatanta ta da kirarin 'yan talla na gargajiya, su kuma tantance saƙon ɗan damfara daga na banki. Kalmomin aro irin su caji da data da alat da sabis sun riga sun zauna a bakin jama'a, saura a daidaita rubutunsu. Inda aikin yake da nauyi shi ne wurin horar da malamai, kuma jihar tana da wuraren yinsa: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe tun 1977, Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011.