Kujerar CH24

CH24, wadda aka fi sani da Wishbone, kujerar katako ce da Hans Wegner, ɗan ƙasar Denmak, ya zana a 1949. Kamfanin Carl Hansen & Søn ya fara ƙera ta a 1950, kuma har yau bai daina ba. Wegner (1914–2007) aikin kafinta ya fara koya tun yana yaro, ya kuma ari fasalin kujerar ne daga kujerun ƙasar Sin na zamanin daular Ming.

Majinginarta da hannuwanta itace ɗaya ne, ana turara shi har ya yi laushi sannan a tanƙwara shi. Wani siririn katako mai siffar harafin Y ne ke tallafe shi ta baya. A ido kujerar ba ta da wata kwaramniya, amma sai ta bi matakai fiye da 100 kafin a gama ta, yawancinsu aikin hannu. Mazauninta ma saƙa shi ake yi da igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120, wadda idan ta tsufa ana iya warware ta a sake sabuwar saƙa.