Tauraro Ya Faɗi Ko An Jefi Shaiɗan? Sunayen Wutar Da Ke Gilmawa A Sama

Kowace shekara, a daren 13 ga Disamba zuwa wayewar garin 14, duk wanda ya fito tsakar gida a Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha da ke Kaduna wajen ƙarfe 2 na dare ya ɗaga kai, muddin hazo bai yi kauri ba kuma farin wata bai cika gari ba, zai ga wani haske ya tsaga sama ya ɓace kafin ƙiftawar ido. In ya ƙara haƙuri zai ga wani, can kuma wani. Ganin ba wuya. Wuyar tana wajen ba da labari da safe.

Mai gadi zai ce tauraro ya faɗi. Almajirin malam zai ce an jefi shaiɗan. Mai sauraron rediyo zai ce ai ruwan taurari aka yi. Wata dattijuwa kuwa ta ce tauraruwa mai wutsiya ce, ta nemi tsari, ta kora jikokinta ɗaki. Ga sunaye huɗu, kowanne da inda ya samo asali, kuma sun cakuɗa abubuwa uku mabambanta: hasken da ke gilmawa, tauraruwar da ke yin makonni a sama, da dutsen da ke isowa ƙasa.

Tushen cakuɗar ita ce kalmar tauraro kanta, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake cewa tamraro ko tarmamuwa. Bahaushe ya ɗora mata kaya da yawa. Gamzaki na asuba tauraro ne, Zara matar wata tauraruwa ce, alhali su biyun abu guda ne, wato duniyar Zuhura, wadda wani lokaci take riga rana fitowa, wani lokaci ta biyo bayanta da magariba. Da zamani ya zo da na'urar da ake harbawa sama, sai muka ce tauraron ɗan Adam. Duk abin da ya ƙyalla a sama da dare, in ba wata ba, sunansa ke nan.

Taurarin ainihi kuwa ranaku ne irin tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da su. Mafi kusa a cikinsu, haskensa sai ya yi fiye da shekara 4 a hanya kafin ya iso idonmu. Babu wanda ke faɗowa a cikinsu. Abin da mai gadi ya gani ƙwayar yashi ce ko ɗan tsakuwa, ta shigo iskar da ta lulluɓe duniya da gudun da ya kai kilomita 35 a daƙiƙa guda, ta ƙone ƙurmus tun tana kilomita 80 zuwa 100 a sama, kwatankwacin nisan Kaduna zuwa Zariya ko fiye da haka kaɗan.

"Tauraro ya faɗi" yakan zo da rakiya: wai wani babban mutum ya kwanta dama. Wannan camfi ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ya daɗe. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Ibn Abbas da ke nuna Larabawan jahiliyya sun ɗauka abin yana nufin haihuwar wani babba ko mutuwarsa, Annabi (SAW) kuma ya kore wannan fahimta. "An jefi shaiɗan" kuwa daga karatu ya fito. Surorin Hijri da Saffati da Mulku da Jinni sun yi maganar tsaron sama da jifan shaiɗanu masu satar ji. Kalmar da ta fi yawo a nan ita ce shihabi, wadda muke ji a sunan Shihabuddini. Asalin ma'anarta bakin wuta, irin wanda ake zarowa daga murhu, kuma da ita aka ambaci abin da Annabi Musa ya tafi ɗebo wa iyalinsa a cikin Suratun Namli. Ko a ma'aunin ilimin sararin sama, wannan suna ya fi "tauraro" dacewa da abin, domin wuta ce ta ɗan lokaci, ba wani abu da aka ciro daga mazauninsa ba.

A kudancin kogin Kaduna, inda Hausa take harshen kasuwa da na majami'u da yawa tsakanin Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da sauran al'ummu, maganar tana da wata saiwa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma a cikinsa, a sura ta 24 ta Matiyu da kuma Wahayin Yahaya, faɗowar taurari tana cikin alamun ƙarshen zamani. Ke nan ko ta wane gefen gadar kogin mutum ya taso, kalmar da ya gada tana da nauyi, ba ta gayyatar kowa ya shimfiɗa tabarma ya sha kallo. Mabiya ɗarikar Katolika a Turai suna da suna mai taushi ga ruwan taurari na watan Agusta: hawayen Waliyyi Lawrence, wanda aka kashe a birnin Rum a shekara ta 258, ake kuma tunawa da shi ranar 10 ga Agusta. Sai dai a Kaduna wannan ita ce tsakiyar damina, gizagizai sun rufe sama ruf, ba a cika ganin hawayen ba.

Tauraruwa mai wutsiya ita ce ta fi shan zargi, har da kirarinta: ganinki ba alheri ba. Umaru Dembo ya sanya sunanta a kan littafinsa na 1969. Amma ba ita ke gilmawa ba. Ita dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura mai zagaya rana, in ta bayyana takan yi makonni ana ganinta kamar ba ta motsi, irin yadda ta Halley ta yi a 1910 da 1986, ana kuma jiranta a 2061. Duk da haka dattijuwar nan ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin akwai dangantaka ta uwa da 'ya'ya. Duk lokacin da tauraruwar ta kusanci rana, zafi yakan narka jikinta, ta zubar da ƙura da tsakuwa a kan hanyarta. Duniya kuma, cikin zagayenta na shekara, takan ratsa wannan hanya a ranaku sanannu. Ƙurar Halley ce ke ƙonewa a samanmu a farkon Mayu da wajen 21 ga Oktoba. Ta Agusta daga wata tauraruwa mai wutsiya, Swift-Tuttle, take, mai dawowa bayan kowace shekara 133. Ta Disamba kuwa daga wani dutse mai suna Phaethon da aka gano a 1983. Abin da ake iya faɗin ranar zuwansa tun shekara ba ta kama ba, bai dace a ɗauke shi saƙon mutuwar wani ba.

A nan ne "ruwan taurari" ya shigo, sunan da 'yan jarida suka fi amfani da shi. Ƙirarsa ta Hausa ce tsantsa, domin mun saba da ruwan duwatsu da ruwan harsasai da ruwan kuɗi. Aibinsa shi ne yana ɗaukar alkawarin da ba ya cikawa. A dare mafi kyau, a dajin da ba fitila, na Disamba yakan kai 120 a awa guda, wato biyu a minti. A Narayi ko Makera, ga fitilun janareta ga ƙurar hunturu, abin da ido zai kama bai kai haka ba ko kusa. Yayyafi ne. Ruwa na haƙiƙa yakan zo jefi-jefi, kuma in ya zo tarihi ba ya mantawa. Marubutan Larabawa sun kira shekara ta 902 shekarar taurari. A Timbuktu, a gefen wani littafi na zuri'ar Kati, an rubuta yadda sama ta kama da wuta gabas da yamma, kudu da arewa, bayan tsakar dare a watan Rajab na 991 bayan Hijira, wato 1583. A Amurka an ga irinsa a Nuwamba na 1833 da na 1966, har wasu suka zaci tashin duniya ne.

Saura sunan kowane ruwa. Masana suna kiran na Disamba Geminid, na Nuwamba Leonid, na Agusta Perseid, kuma a kunnen Bahaushe waɗannan ba su nuna komai. Ga hikimar da ke cikinsu. Ƙwayoyin suna tafiya ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, amma ido yana ganin kamar daga wuri guda suke ɓullowa, yadda wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction zai ga layukan dogo biyu sun haɗe can nesa alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Gungun taurarin da ke daidai wannan wuri, shi ke ba ruwan sunansa. Geminid na nufin mai fitowa daga burujin Jauza'u, Leonid kuma daga burujin Asad.

To waɗannan wurare na sama muna da sunayensu tun kafin zuwan Turawa. Malaman hisabi da manoman ƙasar Hausa suna lissafin shekara da taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, jimla 365. Na damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Zira'a taurari biyu ne masu haske a kan Jauza'u, kuma daga gefen ɗayansu ruwan Disamba yake ɓullowa. Jabha goshin Asad ce, daga nan na Nuwamba yake fitowa. Kada a ruɗe da cewa taurarin damina ne. Ana lissafa su a damina ne saboda a lokacin suke ketowa gab da alfijir. Bayan wata biyar ko shida sai su zamo suna kwana a sama. A tsakiyar Disamba, in Kaza da 'ya'yanta ta yi sama bayan isha'i, Zira'a tana tasowa daga gabas maso arewa, ta kai ƙololuwa wajen ƙarfe 2. Da za a ce "ruwan Zira'a" da "ruwan Jabha", da tsohon manomi ya san inda zai duba, ɗan makaranta kuma ya san kakanninsa sun riga shi sanin sama.

Hatta lokacin kallo yana da sunayensa a bakinmu. Ba da almuru ake gani ba, sai talatainin dare zuwa asubar fari, sulusin nan na ƙarshe da masu tahajjudi da masu kwanan addu'a da 'yan sintiri suka sani. Dalili kuwa, daga tsakar dare ne ɓangaren duniyar da muke kai yake juyowa ya fuskanci inda duniya ta dosa, sai ya riƙa karo da ƙurar gaba da gaba. Mai son gani yana da zaɓi biyu, kwanan zaune ko doka sammako. Ba a bukatar na'ura, sai bargo da wuri mai duhu da ajiye waya na kamar minti 20 don ido ya saba. A wannan dare kaɗai, ɗauke wuta alheri ne.

Abu na uku shi ne wanda ya tsira daga ƙuna ya iso ƙasa, kuma wannan ba daga ruwan shekara-shekara yake zuwa ba, ƙwayoyin can sun yi ƙanƙanta. Mutanen da suna da gatarin aradu, dutse mai santsi da ake tsinta a gona a ce tsawa ce ta jefo shi, alhali makami ne da mutanen zamanin dutse suka wasa da hannunsu. Dutsen sama na gaske daban yake, kuma kudancin Kaduna yana da tarihi da shi. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, yankin Faskari cikin Lardin Katsina na wancan lokaci. Aka kawo shi Hukumar Binciken Ma'adinan Ƙasa, wadda aka kafa a 1919, mai mazauni a lokacin a kudancin kogi, wajen Barnawa. Daga baya aka yanki sassansa suka bazu ɗakunan bincike na duniya, aka kuma gano iskar da ke maƙale cikinsa ta yi daidai da ta duniyar Mars, wadda malamai ke kira Mirrihu. Har an mayar da ɗan ɓarɓashinsa can a cikin wani kumbon Amurka da aka harba a 1996.

Ƙa'idar masana ita ce a raɗa wa dutsen sama sunan wurin da ya faɗi. Shi ya sa masu nazarin Mars a ko'ina suka san Zagami, masu nazarin duwatsun sama kuma suka san Mayo Belwa na 1974 da Gujba na 1984. A Nuwamba 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a jihar Agadas ta Nijar. Shi bai sami sunan gari ba. An kira shi NWA 16788, irin lambar da ake ba duwatsun Sahara da suka bi ta hannun 'yan kasuwa. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Na Zagami an ga faɗowarsa, an rubuta rana da wuri, an kai shi ofis, don haka ko an yayyanka shi gida dubu, kowane yanki yana ɗauke da sunan ƙauyen. Na Agadas ya fita ba suna, sai da aka buga masa kuɗi masu ƙasar suka fara cigiya.