Yadda Sanyi Ya Zama Haja a Kano

Duk wanda ya yi bazara a Kano ya san irin zafin da a ke yi tun daga watan Maris har zuwa Mayu, sa'ad da awon zafi ya kan kai 40, wani lokaci ma ya wuce. A irin wannan lokaci ba abin da rai ya ke so kamar abu mai sanyi. Mutanen dā kuwa ba su rasa dabararsu ba. Su kan girke randa cikin inuwa, su zuba mata yashi a gindi, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan ruwa a ke dama fura da nono. Amma ƙanƙara, ba su san ta ba sai wadda ta kan faɗo daga sama tare da ruwan farkon damina, yara su tsinta kafin ta narke.

Nono da madara kuwa ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa su ba, domin ga Filani ga shanunsu. Abin da ya hana kakanninmu shan askirim shi ne rashin sanyin da zai sa madara ta daskare. Saboda haka tarihin askirim tarihin sanyi ne.

A ƙasashen da ruwa ya ke daskarewa da hunturu, mutane su kan sari ƙanƙara su adana ta cikin rami har lokacin zafi. Daga baya aka gane idan an barbaɗa mata gishiri sanyinta ya kan ƙaru, har ya daskarar da madarar da aka sa cikinta a wani mazubi. A 1843 wata mace a Amurka, Nancy Johnson, ta ƙago ƙaramin inji na juyawa da hannu don wannan aiki. A 1876 kuma wani Bajamushe, Carl von Linde, ya ƙera injin da ke yin ƙanƙara da kansa. Tun daga nan ƙasa mai zafi ma ta sami hanyar yin tata ƙanƙara, in dai tana da ruwa mai tsabta da ƙarfin da zai juya inji.

Waɗannan abubuwa ba su zo Kano rana ɗaya ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, shi ne mai ɗauko manyan injuna daga bakin teku. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, aka kuma kawo wa birni lantarki. Sa'an nan ma'aikatu suka fara tsayuwa a Bompai. A shekarun 1970 sai aka keɓe musu fili a Sharaɗa, wadda dā ƙauye ce a bayan ganuwa, aka bi da Challawa.

Kamfanin da ya fi kai askirim hannun talaka a Nijeriya shi ne Fan Milk, wanda wani ɗan kasuwa mutumin Danmak, Erik Emborg, ya kafa a Badun a farkon shekarun 1960, daga baya ya buɗe wata ma'aikata a Kano. Dabararsa ita ce keke mai akwatin riƙe sanyi, wanda mai talla ya ke hawa ya bi lungu-lungu yana busa ham. Abin mamaki shi ne, ba nonon rugage aka fara aiki da shi ba. Madarar gari a ke sayowa daga ƙasashen waje, a dama ta da ruwa, domin ɗanyar madara ba ta jure tafiya cikin rana in ba a sanyaya ta tun daga ruga ba. Ga shanu a bayan gari, ga madara daga hayin teku, duk saboda rashin sanyi.

Da firji ya shiga gidaje, sai matan aure suka karɓi sana'ar. Su kan haɗa zoɓo da citta, ko tsamiya, ko kunun aya da dabino, ko garin kuka da madara, su ƙulla cikin leda irin wadda ma'aikatun roba na Sharaɗa su ke yi, su daskarar, yara su kai ƙofar makaranta. Wadda ba ta da firji ma ta kan iya yin na madara: ta tafasa madara da sukari, ta bari ta huce, ta zuba a ƙaramin kwano mai murfi, ta sa shi cikin babba wanda aka cika da fasasshiyar ƙanƙara da gishiri, ta yi ta juyawa har ta yi kauri.

Amma fa wannan haja rayuwarta na hannun lantarki. Tun daga shekarun 1980 ƙarancin wuta da tsadar kayan waje suka sa aka rufe ma'aikatu da yawa a Sharaɗa da Bompai da Challawa, ma'aikatansu suka koma gida. Masu ƙulla zoɓo su ma abin ya taɓa su, gama in wuta ta ɗauke dare ɗaya, jarin mace ya zama ruwa. Shi ya sa ƙanƙara ta kan yi tsada in azumi ya faɗo cikin bazara.

Akwai kuma gargaɗi ga mai saye. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, hana su yaɗuwa kawai ya ke yi. Askirim da ya narke aka sāke daskarar da shi, ko wanda aka haɗa da ruwa marar tsabta, ya kan kawo gudawa, musamman ga yara. Mai yi ta tafasa ruwanta, mai saye kuma ya duba abin da zai ba ɗansa, domin rigakafi ya fi magani.