Chari Maigumeri, ɗan Barnon da ya yi wa Jamus da Ingila soja

'Yan uwa ɗalibai, jiya a laburaren Unimaid ina haɗa kayan binciken mastas ɗina sai na ci karo da sunan Chari Maigumeri. Mu yanzu da an ce Magumeri, wallahi labarin hari ne ke fara zuwa mana a rai.

Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, har suka ba shi lambar Iron Cross. Turawan Ingila suka kama shi da suka ci Garwa a 1915. Zuwa 1917 sai ga shi cikin kakin waɗanda suka kama shi, ya yi ta hawa har sajan-manjan bataliya ta 3. A Yaƙin Duniya na Biyu ya samu lambar bajinta ta Military Medal a karon da aka yi da Italiya a gabashin Afirka, daga nan aka wuce da su Bama. Ba Bamar nan tamu ba fa, ta Asiya. A 1953 ya yi ritaya da muƙamin kyaftin na girmamawa.

Barikin da ke ɗauke da sunansa kuwa a Lokoja yake. Na tambayi mutum shida a ajinmu, har da ɗan Magumeri, babu wanda ya taɓa jin sa.