Da Wane Ma'auni Za a Kwatanta Firamaren Karkara?

Idan sakamakon jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ya fito, akan ji ana cewa firamaren gari kaza ta yi zarra, ta ƙauye kaza kuwa ta zo ƙarshe. Hujjar wannan maƙala ita ce irin wannan jeri ba ya nuna ƙwazon makaranta, yakan ma hukunta wadda ta fi ƙoƙari.

Yaran da suka kai aji shida a ƙauye tatattu ne. Kafin a je nan, talla da aure sun ɗebe 'yan mata, noma da kiwo da almajiranci sun ɗebe maza. Makarantar da ta bari masu rauni suka zube a hanya za ta shigar da ragowar jarrabawa, su ci, a yaba wa hedimasta. Wadda ta yi ta bin iyaye gida-gida har ta riƙe ɗan makiyayi da 'yar talla zuwa aji shida, sai sakamakonta ya ja baya. A takarda ta farkon ce gwana, alhali ta biyun ce ta cika manufar dokar UBE ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro.

Rajista ma ba abin dogaro ba ce. Da aka fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, suna a littafi ya ƙara daraja. Wanda ya leƙa aji ranar kasuwa ko lokacin noman farko ya san suna daban, yaro a kan tabarma daban.

Akwai ma'aunin da ya fi waɗannan, an kuma gwada shi a ƙasar nan. A 2011, ƙarƙashin wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa, an yi gwajin EGRA a jihohin Bauchi da Sakkwato: a zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa da kalmomi da ɗan labari da Hausa. Mafi yawan 'yan aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin ba. Jarrabawar aji shida ba za ta taɓa tona wannan ba. Da za a riƙa yin irin gwajin a farkon shekara da ƙarshenta, da an ga inda makaranta ta karɓi yaro da inda ta kai shi.

Wani zai ce laifin na malamai ne, ya kafa hujja da Kaduna, inda a 2017 malamai fiye da 21,000 suka kasa gwajin da gwamnatin jihar ta yi musu. Da gaskiyarsa, amma bai kai ƙarshenta ba. Mai takardar NCE da ya san wani a ofis ba ya daɗewa a ƙauyen da babu hanya. Sai a bar malami biyu da azuzuwa shida. Hedimasta ba shi ke rarraba malamai ba, aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne da sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Don haka a kwatanta ƙauye da ƙauye mai irin nisansa da yawan malamansa, kada a haɗa shi da hedikwatar ƙaramar hukuma.

Hukumomin SUBEB su auna karatun aji uku sau biyu a shekara, su ƙirga yaran da aka riƙe, su miƙa sakamakon ga kwamitin gudanarwa na kowace makaranta (SBMC), da Hausa.