Tarihin Komawa Tiyatar Rage Ƙiba Karo na Biyu

Tun daga 1954, lokacin da Arnold Kremen da John Linner na Jami'ar Minnesota a Amurka suka wallafa rahotonsu kan gajarta hanji domin rage ƙiba, kusan kowace sabuwar dabara a wannan fanni ta bi sawu ɗaya. Takan fito da farin jini, a yi ta yabonta saboda abin da ma'auni ya nuna a shekara biyun farko, sannan bayan shekara biyar ko goma sai a ga waɗanda aka yi wa aikin suna dawowa asibiti domin a warware shi ko a sauya shi da wani. Ke nan komawa tiyata karo na biyu ta taso tare da sana'ar tun daga tushe. A ganina, wannan tarihi shi ne ya fi dacewa ya amsa tambayoyi biyu da ke damun mai fama a yau: yaushe ya kamata a sake shiga ciki, kuma me ya sa karo na biyu ya fi na farko haɗari.

Dabarar farko ba ta taɓa tumbi ba. Likita yakan yanke ƙaramin hanji ya haɗa farkonsa da ƙarshensa, ya bar mafi yawan tsawonsa ba ya ganin abinci. A tsarin da Payne da DeWind suka bayyana a Los Angeles a 1969, inci 14 na farko da inci 4 na ƙarshe kaɗai ake bari su yi aiki, a hanjin da tsawonsa ke kai wa wajen ƙafa 20. Nauyi kuwa ya zube ƙwarai, aka yi wa dubban mutane aikin a shekarun 1970. Sai daga baya abin da ke ɓoye ya fito: gudawar da ba ta tsayawa, tsakuwar ƙoda, ciwon gaɓoɓi, ƙarancin sinadaran jiki, da kuma lalacewar hanta, wadda ta fi duka muni domin takan yi nisa ba tare da mutum ya ji komai ba. Waɗanda aka mayar wa hanjinsu yadda yake da wuri, da yawa hantarsu ta farfaɗo. Waɗanda aka bari har hantar ta ƙanƙance, warwarewar ba kullum take cetonsu ba. Zuwa farkon shekarun 1980 an yi watsi da dabarar. Likitoci kuma suka lura cewa in aka warware aikin kawai, ƙibar dawowa take yi, don haka suka fara haɗa warwarewar da wani aiki a kan tumbi. Nan ne tiyatar gyara ta samo asali, kuma abin da ta fara koyarwa shi ne cewa idan aikin farko na cin jikin mutum, jinkiri shi ne abin tsoro.

A daidai wannan lokaci Edward Mason na Jami'ar Iowa ya kama wata hanya. Ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa babban ɓangaren tumbi sukan rame, sai a 1966 ya ware ƙaramar jaka a saman tumbi ya jona ta da hanji, abinci ya riƙa ratse sauran. Shi da Chikashi Ito suka wallafa sakamakon a 1967, kuma a 1977 Ward Griffen ya gyara jonin domin hana ruwan matsarmama komawa sama. Wannan tiyatar ratse ita ce ta fi daɗewa ana yin ta har yau. Amma Mason da kansa ya nemi abin da ya fi ta sauƙi, ya fito a 1982 da ɗinke tumbi a tsaye tare da ɗaure mafitarsa. Aka karɓe ta hannu bibbiyu, kafin a ga ɗinkin yana buɗewa, mafitar tana tsukewa, masu ita suna amai suna komawa ga abinci mai laushi da zaƙi, wanda ke wucewa ba wahala ya dawo da ƙibar. Sai zoben siliko da ake iya tsukewa ko sassautawa, wanda Lubomyr Kuzmak ya gabatar a 1986, aka fara sa shi ta ƙananan huji da kyamara a Beljiyam a farkon shekarun 1990, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Babban abin tallarsa shi ne ana iya cire shi a duk lokacin da aka so. A 2011 Jacques Himpens da abokan aikinsa a Brussels suka bibiyi waɗanda suka yi shekara 12 ko fiye da zoben, suka tarar kusan rabinsu an riga an cire musu, wasu kuma zoben ya ci bangon tumbi ya shige ciki.

Alƙawarin nan na cewa ana iya cirewa yana da gaskiya rabi, kuma a rabin da ya rage ne haɗarin tiyata ta biyu yake. Zobe na fita, amma yakan bar kauri da tabo a inda ya zauna. Duk cikin da aka taɓa shiga, kayansa sukan manne da juna, hanta ta liƙe da tumbi, jijiyoyin jinin da aka yanke a karon farko ba sa dawowa. Tela ya san bambancin sabon yadi da wanda aka ɗinka aka farke: na biyun ba ya riƙe zare kamar na farko. Haka naman da ya yi tabo, ɗinki a kansa ya fi saurin yin yoyo, kuma yoyon ruwan tumbi cikin kogon ciki na iya kai mutum ɗakin kulawa ta musamman ko ya yi ajalinsa. Aikin yakan fi ɗaukar lokaci, zubar jini ta fi yawa, nauyin da ake ragewa kuma galibi bai kai na karon farko ba. Shi ya sa wasu likitoci, musamman in zoben ya huda tumbi ko wurin ya kumbura, sukan cire shi su bar watanni su shuɗe kafin su yi aiki na gaba, wasu kuma su haɗa duka a zama ɗaya idan naman lafiya lau yake. Har yanzu ana muhawara a kan wannan, kuma na fi yarda da masu cewa yanayin naman ne zai yanke hukunci.

Saboda haka ba lokaci ɗaya ne ya dace da kowa ba. Mai zoben da ya zame ya toshe tumbi, ko wanda hanjinsa ya murɗe, ko mai aman da ba ya tsayawa har jikinsa ya rasa bitamin B1, abin da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin makonni, bai da abin jira. Wanda kuwa kukansa shi ne nauyi bai sauka yadda ya so ba, ko ya fara dawowa, lamarinsa daban ne. Nauyi yakan ci gaba da sauka har shekara ɗaya zuwa biyu bayan aiki, kuma ɗan hawa bayan haka abu ne da aka saba gani. Tarihin tiyatar da ta fi yawa a duniya yanzu, wadda ake yanke mafi yawan tumbi a bar shi siriri kamar hannun riga, hujja ce a kan amfanin haƙuri. A farkon shekarun 2000 Michel Gagner a New York ya riƙa yin ta a matsayin matakin farko ga masu ƙiba mai tsanani, da niyyar a ƙarasa da babban aiki idan sun ɗan rage. Jiran da aka yi ne ya nuna cewa da yawa ba sa ma buƙatar mataki na biyun. Ita ma dai nata ya biyo baya, domin bayan shekaru wasu sukan kamu da ƙwannafi mai tsanani da ke ƙona maƙoshi, a mayar da ita tiyatar ratse.

Mai karatu na iya cewa, in haka ne ai sana'ar gaba ɗaya gwaji ce a kan bayin Allah. Akwai gaskiya mai ɗaci a wannan zargi, domin an yaɗa wasu dabarun kafin a san ƙarshensu, kuma mutane sun biya da lafiyarsu. Amma binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ƙarƙashin Lars Sjöström, wanda ya bibiyi mutum fiye da 4,000, ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kimanin kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata. Mafi yawansu kuwa ɗinkin tsaye na Mason aka yi musu, wanda yau aka daina. Ƙiba mai tsanani ciwo ne na tsawon rai, tana tafe da ciwon sukari da hawan jini, kuma buƙatar magani na biyu ba ta soke amfanin na farko.

Wani kuma zai ce kayan aiki sun inganta, tun da Alan Wittgrove da Wesley Clark suka ba da rahoton yin tiyatar ratse ta ƙananan huji a 1994, don me za a sa mutum jira sukarinsa na dawowa? Wannan ƙorafi ya fi ƙarfi, kuma jiran da ba a yin komai a cikinsa lallai cutarwa ne. Sai dai kyamara ba ta goge tabo, kuma jiran da nake nufi lokacin bincike ne: a leƙa tumbi da na'ura a ga ko jakar ta buɗe ko ɗinki ya saki, a auna jini a cike gurbin ƙarfe da bitamin da furotin, a daina shan taba, a duba tsarin ci da halin zuciya. In sababin ba a tumbi yake ba, sake yanka shi ƙarin haɗari ne kawai. Tun 2021 kuma, da aka amince da allurar Wegovy a Amurka, akwai abin da za a iya gwadawa kafin wuƙa, ko da yake tana da tsada kuma nauyi yakan dawo in an daina.

Wannan ya shafi mutanenmu da ke zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya a yi musu aiki su dawo gida cikin 'yan kwanaki. Matsalar da za ta kai ga tiyata ta biyu kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, lokacin da likitan farko ya yi nisa. Wanda zai gyara yana buƙatar sanin ainihin abin da aka yanke, da inda aka jona, da tsawon hanjin da aka ratse, kuma ba zai samu wannan ba sai a cikakken rahoton aikin farko, wanda ya kamata mutum ya karɓa a rubuce tun kafin ya bar asibitin.