Yadda ake toshe saƙonnin talla da kauce wa 'yan damfarar waya

Kiran da ke damun masu waya a Najeriya iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na kamfanonin da ke tallata hajarsu, wanda doka ta ba mai layi ikon dakatarwa. Akwai kuma na 'yan damfara, wanda babu wata lamba da ke tsayar da shi, sai dai mutum ya san salonsu.

Dakatar da talla

A shekarar 2016 Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su ware lamba 2442 domin masu son a daina turo musu talla. Lambar tana aiki a kan kowane layi, kuma kyauta ce.

Mai son toshe talla baki ɗaya zai rubuta STOP ya aika zuwa 2442. Wanda ya aika HELP zai samu jerin rukunonin talla, kamar na banki, ilimi, lafiya, wasanni da addini, ya zaɓi wanda yake so a bar masa. Kalmar STATUS kuwa tana nuna matsayin layin. Sanarwar shiga da fitar kuɗi daga banki ba talla ba ce, don haka ba ita ake toshewa ba.

Idan ana zarar kuɗi daga layi saboda waƙar jiran kira ko wani tsarin da mai layi bai nema ba, lambar *305# ita ce ta soke irin waɗannan tsare-tsare. In matsalar ta ci gaba, a kira kamfanin a lamba 300, a karɓi lambar shaidar ƙorafi. Idan kamfanin bai warware ba, sai a kira NCC a 622, wadda ita ma kyauta ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara wa mutum ƙarfi, domin ta ba shi haƙƙin hana amfani da bayanansa wajen yi masa talla.

Salon 'yan damfara

Ɗan damfara yana kira ne da layi irin na kowa, shi ya sa 2442 ba ta tare shi. Jarinsa biyu ne: tsoro da kwaɗayi.

Salon da ya fi yawa shi ne na "ma'aikacin banki". Zai ce an rufe asusu, ko BVN ko NIN ta samu matsala, sannan ya nemi lambobin jikin katin ATM, lambar sirri, ko lambar OTP da ta shigo yanzu. Sau da yawa yakan faɗi cikakken sunan mutum domin a yarda da shi. Sanin suna ba shaida ba ne. Banki ba ya neman lambar sirri ko OTP ta waya.

Na biyu shi ne satar WhatsApp. Mai kira zai ce an shirya taron wata ƙungiya ta intanet, ya nemi lambobi shida da aka turo. Waɗannan lambobi mabuɗin shafin ne. Da zarar ya same su, sai ya shiga roƙon kuɗi a wurin 'yan uwa da abokai da sunan mai layin.

Na uku shi ne kiran gaggawa: ɗan uwanka ya yi haɗari, yana asibiti, a turo kuɗi yanzu. Wannan yana iya kama mutane a wurare irin Gawon Nama da ke Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Masu jinya daga Sakkwato, Kebbi da Zamfara sun dogara ne da kuɗin da dangi ke turowa ta waya, don haka wanda ke da mara lafiya kwance ba ya mamakin irin wannan kira. Kafin a tura ko kwabo, a kashe wayar, a kira mai jinyar a lambarsa da aka sani.

Akwai kuma albishir na tallafin gwamnati, aiki ko gasar da mutum bai shiga ba, wanda ake cewa sai an biya kuɗin rajista. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan idan baƙuwar lambar ƙasar waje ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, kada a bi kiran, domin layi ne mai cin kuɗi da yawa.

Rigakafi

A sa wa layin waya lambar sirri, musamman wanda ke haɗe da asusun banki, domin ɓarawon waya na iya cire layin ya sa a wata wayar ya kwashe kuɗi. A kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. A tambayi banki lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, a rubuta ta a ajiye a gida. A wurin mai POS kuma, a rufe hannu yayin danna lambar sirri.

Idan an riga an faɗa tarko

Mintunan farko su ne masu daraja, domin ɓarayin kan rarraba kuɗin zuwa wasu asusun nan take. A sanar da banki domin a rufe asusu da kati, a nemi ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga. A ajiye lambar mai kiran, saƙonni da shaidar tura kuɗi, a kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin shiyya na hukumar EFCC da ke Sakkwato. Idan banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafin ba, ana iya ɗaukaka shi zuwa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Da yawa kan yi shiru saboda kunya. Shirun nan ne ke ba ɗan damfara damar kiran maƙwabci da lambar da ya yi amfani da ita jiya.